Waiwaye: Yadda masana taurari suka fara ganin hasken da ido ba ya gani

Shekaru dubbai ɗan Adam yana nazarin sama da idonsa kaɗai. Ko da Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa a 1609, ƙarfin gani kawai ya ƙara. Hasken dai shi ne wanda muka saba da shi, mai launukan bakan gizo.

A 1800, William Herschel a Ingila ya rarraba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, yana auna zafin kowane launi. Da ya ajiye ma'aunin a gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a wurin! Shi ake kira infared. Daga baya James Clerk Maxwell ya nuna cewa haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, aka kuma fahimci cewa da rediyo, da infared, da hasken ɗaukar hoton ƙashi duk dangi ɗaya ne, tsawon zango ne ya raba su.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Karl Jansky, injiniyan kamfanin tarho na Bell a Amurka. Duk mai sauraren rediyo a gajeren zango ya san ƙarar nan da ke shiga tsakaninsa da labarai. Ita aka sa Jansky ya binciko tushenta, a kan mita 14 da ɗoriya. Ya ware ta tsawa da walƙiya, amma wata siririyar ƙara ta ƙi tafiya, kullum kuma tana riga jiya zuwa da minti huɗu, daidai yadda taurari ke yi. A 1933 ya bayyana cewa daga tsakiyar babban gungun taurarin da ranarmu take ciki take fitowa. Abin takaici, masanan lokacin ba su ba zancen muhimmanci ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare hasken hoton ƙashi, don haka sai da roka aka gano tauraro na farko mai fitar da shi, ban da rana, a 1962. Na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba a Disamban 2021 kuwa, tana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, tana leƙa cikin ƙurar da ake haifar taurari, da hasken nan da Herschel ya auna.