Don Allah a daina ƙona kara a gona

Makon nan kaɗai gonaki uku na shiga, duk abu ɗaya na tarar: an tara karan dawa da na gero an cinna musu wuta, iskar bazara tana kwashe tokar tana kai wa maƙwabci. Na tambayi wani dattijo da nake ganin girmansa, na ce, "Baba, me ya kawo wannan?" Ya ce, "Malam, gara nake kora."

Haba jama'a! Sau nawa za mu faɗa? Garar nan aiki take muku kyauta. A hanjinta Allah ya sanya wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke taya ta narkar da busasshen kara da itace, ya koma taki. Ku ɗaga tsohon kara da ya kwana biyu a ƙasa ku duba ƙarƙashinsa, za ku ga ƙasar ta yi laushi, duk ƙananan ramuka. Ta nan ruwan sama ke shiga ya zauna, ba ya gudu ya bar muku fako.

Manoman jihar Tawa a Nijar kiran gara ma suke yi. Sukan haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, a fako tun da rani, su zuba taki a ramin, gara ta zo ta huda ƙasar, gero ya tashi inda da ko ciyawa ba ta fitowa. Da irin wannan aikin marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da matacciyar ƙasa, har ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ku kuma kuna ƙone abincin garar da ashana ɗaya.

Na sani, 'yan uwana, gara tana ɓarna, ta ci rumbu ta ci danga. To, a tsare rumbun, a ƙyale gonar:

- A ɗibi karan dabbobi da na danga, saura a shimfiɗa shi a gona.
- Inda ya yi fako, a rufe da kara da taki kafin ruwan fari.
- A ɗora rumbu kan duwatsu, a riƙa share gindinsa.
- Ban da wuta. Ban da wuta!

Ranar kasuwa zan sake zagayowa. Mai tambaya ya tare ni a hanya, amma don Allah kada in hango hayaƙi daga gonar kowa.