Me ake nufi da wayafirem a zanen 3D?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗaliban zanen gine-gine na jami'ar ATBU a Bauchi, ko samarin da ke zana wa mutane gidaje da kwamfuta a Gombe, ya ji ana cewa "mayar da shi wayafirem mu gani". Abin da ake nufi shi ne a ɗauke wa zanen fenti da haske da inuwa, har da jikin bangon kansa, a bar layukan da suka riƙe shi kawai. Kamar dai ginshiƙin da aka ɗaure rodinsa ba a kai ga zuba kankare ba: siffar ta fito, amma kana hango abin da ke bayansa.

Kwamfuta ba ta san gida ba, ba ta san mota ba. Abu uku take riƙewa. Akwai ɗigo, wanda lambobi uku ke nuna mazauninsa ta tsawo da faɗi da zurfi. Akwai layi, mai haɗa ɗigo biyu. Sai fuska, wato filin da layuka uku ko fiye suka kewaye. Akwatin da Blender, wata manhajar zanen 3D, ke tarbar ka da shi idan ka buɗe ta yana da ɗigo 8, layi 12, fuska 6. A wayafirem, layukan nan 12 kaɗai ake zanawa.

Tun asali ba don ado aka fara ba, rashin ƙarfi ne ya jawo. Kwamfutocin shekarun 1960 suna iya jan layi, amma cike fuska da launi ya fi ƙarfin yawancinsu. A 1964 William Fetter na kamfanin jiragen sama na Boeing ya zana siffar mutum da layuka zalla don nazarin zaman matuƙi a cikin jirgi. Wasan bidiyo na tankokin yaƙi mai suna Battlezone da kamfanin Atari ya fitar a 1980 ma layuka ne kore a kan baƙin allo. Daga baya ido ya saba, har kamannin suka zama alamar "aikin kwamfuta". Masu fim ɗin Escape from New York na 1981 sun so nuna birnin a wannan siffa, kuɗin yin sa da kwamfuta ya yi musu yawa, sai suka ɗauki ƙaramin samfurin birnin, suka bi gefunan gine-ginen da tef mai ƙyalli, suka ɗauka a cikin duhu. Masu kallo suka ɗauka kwamfuta ce ta zana.

Wayafirem zalla yana da aibi guda babba: ba ya gaya maka ina ne gaba, ina ne baya. Zana akwati da layuka 12 ka zuba masa ido, za ka ga fuskar gaba tana komawa baya da kanta. Louis Necker, ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana wannan ruɗin tun 1832. To idan akwati ɗaya ya ruɗa ido, ina ga bene mai ɗakuna shida da matakala da tagogi? Shi ya sa tun 1963 Lawrence Roberts a jami'ar MIT ta Amurka ya yi aiki kan yadda kwamfuta za ta gane layukan da ke ɓoye a bayan fuska ta share su. Wannan salon na ɓoye layin baya yana cikin manhajar zanen 3D ta SketchUp har yau, kuma shi na fi ba da shawara idan mai gini za a nuna wa. Ka kai wa Alhaji wayafirem zalla, abin da zai fara cewa shi ne, "Injiniya, ina bangon kuma?"

Inda sababbin shiga ke yawan maƙalewa shi ne bambancin kallo da renda, wato lokacin da kwamfuta ke fitar da hoton ƙarshe da haskensa da inuwarsa. A Blender, danna Shift da Z zai mayar da allonka wayafirem, amma wannan kallon aiki ne kawai. Kana danna F12 hoto zai fito da jikinsa cikakke, babu layi ko ɗaya, domin layi a wurin kwamfuta ba shi da kauri, haske kuwa ba ya sauka a kan abin da ba shi da jiki. Wanda ke son layukan su fito a hoton ƙarshe sai ya ba su jiki ko ya sa a zana su. Ga hanyoyi uku a Blender.

Hanya mafi sauƙi ita ce modifayar wayafirem, wato kayan aikin sauya siffa da ake ɗora wa samfuri, wadda ke mayar da kowane layi siririyar sanda mai kauri, har tana yin inuwa. Kana iya barin asalin jikin a ƙasa, ka ba sandunan wani launi dabam, misali fari a kan toka. Sai dai tana ninka yawan fuskoki, kuma laftof ɗin hannu mai ƙaramar ƙwaƙwalwa za ta fara huci idan samfurin babba ne. Akwai kuma zana layin a cikin fentin kansa, ta nod ɗin wayafirem, wato ɗaya daga cikin ƙananan akwatunan da ake jonawa wajen haɗa fenti. Wannan ba ya ƙara nauyi, amma yana da tarko: kafin renda kwamfuta na tsaga kowace fuska mai kusurwa huɗu zuwa alwatika biyu, nod ɗin kuma alwatikan yake gani. Akwatin nan mai layi 12 sai ya fito da 18, kowace fuska da karkataccen layi a tsakiyarta wanda ba kai ka ja ba. Ta ukun ita ce Freestyle, da ta shigo Blender a 2013. Ita bayan an gama renda take bin hoton tana jan layi a gefuna, a lanƙwasa, da duk layin da ka yi wa alama. Tana cin lokaci, amma ita ta fi kama da zanen hannu, kuma tana iya ɓoye layin baya. Ga zanen gida ita nake zaɓa, in dai akwai wuta ko batir zai kai.

Masu tsara shafin intanet da manhajar waya ma suna cewa wayafirem, amma su taswirar shafi suke nufi, inda hoto da maɓalli za su zauna. Ba ruwansa da 3D.

Dalilin da ya sa masu ɗaukar aiki a wannan fanni ke son ganin wayafirem kusa da hoton da aka gama shi ne renda tana rufa asiri. Haske mai kyau da fenti suna ɓoye aikin gaggawa. Layukan kuwa suna nuna ko fuskokin sun tafi a jere, ko an cusa dubban alwatika a kan mariƙin ƙofa da ba wanda zai kalla, ko bango biyu sun hau kan juna. A fuskar mutum da za a motsa, ana duba ko layukan sun zagaye ido da baki, domin in ba su zagaye ba, fatar za ta tattare da zarar ya yi murmushi. Haka idan zanen gidanka ya fara jan ƙafa, mayar da shi wayafirem ka nemi inda layuka suka cunkushe har wurin ya yi baƙi. Sau da yawa kujerar falo ce ko bishiyar da aka sauko da ita daga intanet, wadda ita kaɗai ta fi ginin gaba ɗaya yawan fuskoki.