Shin da mutum ya kai shekara 65 a Amurka, Medicare kyauta ce?

An daɗe ana faɗa a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Amurka cewa da zarar mutum ya kai shekara 65, inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicare, za ta ɗauke shi kai tsaye, kyauta, kuma duk ranar da ya ga dama sai ya shiga. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa maganar ta zauna.

Medicare sashe-sashe ce. Sashen A, na kwanciya a asibiti, ba a biyan kuɗin wata idan mutum ya yi aiki yana biyan haraji kimanin shekara 10. Amma Sashen B, na ganin likita, ana biya duk wata. Sashen D, na magunguna, shi ma sai an zaɓa. Wanda bai fara karɓar fanshon gwamnati ba kuwa, da kansa zai yi rajista.

Wa'adin wata 7 ne: uku kafin watan da ya cika 65, watan kansa, da uku bayansa. Tarar makara ce ta fi damuna. Wanda ya makara a Sashen B, alhali ba shi da inshorar wurin aiki, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin wata kan kowace cikakkiyar shekara ta jinkiri, muddin yana cikin tsarin.

Canza tsarin magani ana yinsa daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, sabon ya fara aiki 1 ga Janairu. Ɗauki katin nan na Medicare mai ja da fari da shuɗi, ka duba ranar da Sashen A da Sashen B suka fara. Ka kuma karanta wasiƙar da kamfanin inshorar magani ke aikowa kafin Oktoba, ka ga ko maganin hawan jinin Baba yana cikin jerin magungunan da za su biya baɗi.

Don Allah a tura wa iyayenmu da ke can.