Mai juna biyu a Amurka, ki san dokar jihar da kike zaune

'Yan'uwa mata da ke zaune a Amurka, da ku magidanta, wannan bayani naku ne. Tun ranar 24 ga Yunin 2022 da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar, kowace jiha ita ke yin dokarta kan zubar da ciki. Wata za ta ce ina ruwana, ai ni ba zubar da ciki zan yi ba. Da ruwanki. Magungunan da ake ta rigima a kansu, misoprostol da mifepristone, su ne likita ke bayarwa don fitar da abin da ya rage a mahaifa bayan ɓari. Misoprostol kuwa ko a asibitocinmu na gida da shi ake tsayar da jini bayan haihuwa. A Luwiziyana, tun Oktoban 2024 aka sa su a jerin magungunan da ake kullewa, alhali mace mai zubar jini ba ta jiran a nemo mabuɗi. A Texas doka ta yarda a ceci ran uwa, amma hukuncin saɓa ta na iya kai likita ga ɗaurin rai da rai, shi ya sa wasu ke jan ƙafa sai abin ya tsananta.

Wannan ne ya sa wasu jihohi suka haɗa kai. Kalifoniya da Oregon da Washinton suka fara, a ranar da aka soke hukuncin Roe. A Fabrairun 2023 gwamnoni kimanin 20, da Gavin Newsom na Kalifoniya a gaba, suka kafa ƙawancen Reproductive Freedom Alliance. Suna musayar dabarun doka, wasu sun sayi magani sun adana, sun kuma yi dokokin kare ma'aikatan lafiya daga tuhumar wata jiha. An ga aikinsu a 2025, lokacin da Luwiziyana ta nemi a miƙa mata wata likitar New York bisa zargin aika maganin zubar da ciki, Gwamna Kathy Hochul ta New York ta ƙi.

Sai dai ƙawancen gwamnoni ne, ba dokar tarayya ba, kuma zaɓe kan sauya gwamna. Wadda ke Bronx a New York tana ƙarƙashinsa, wadda ke Houston a Texas ba ta ciki.

Abin da ya game ƙasar duka shi ne dokar EMTALA ta 1986: kusan kowane asibiti mai sashen gaggawa dole ya duba ki ya ba ki taimakon ceton rai, ko ba ki da inshora, ko takardun zamanki ba su cika ba. Don haka in kika ga jini, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko zazzaɓi, ko faya ta fashe kafin lokaci, kada ki tsaya shan jiƙo. Ki tafi asibiti ko a kira 911, ki nemi tafinta in Turancin na ba ki wahala. A ranar awo kuma ki tambayi likitarki kai tsaye: in ɓari ya zo, me dokar jihar nan ta ba ki damar yi mini?