Mene ne alerji, kuma me ya haɗa shi da asma da ciwon ɓarin kai a jikin matasa?

Alerji yanayi ne da garkuwar jiki ke ɗaukar abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba, ta tashi ta yaƙe shi. Abin kan iya zama ƙaiƙayin hatsi a lokacin sussuka, ko gashin kyanwa, ko kashin kyankyaso, ko ƙananan ƙwarin da ido ba ya gani waɗanda ke zaune cikin katifa. Jikin mai alerji yana ƙera wani sinadarin kariya da likitoci ke kira IgE, kuma duk lokacin da ya sake haɗuwa da abin nan, wasu ƙwayoyin halitta sai su saki histamin, wanda ke kawo kumburi da ƙaiƙayi da majina. Idan abin ya tsaya a hanci, atishawa ce da yoyon hanci. Idan ya sauka cikin hanyoyin iska na huhu, sai su kumbura su matse, ƙirji ya riƙa fito, wato asma ke nan, wadda wasu ke kira fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a shekarar 2019.

Ciwon ɓarin kai kuwa cuta ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa a shekarun balaga take farawa. Kai yana sarawa kamar ana buga shi daga ciki, zuciya tana tashi, haske da hayaniya su zama azaba, har ka ga yarinya ta dawo daga makaranta ta shige ɗaki mai duhu ta rufe fuska da mayafi. A wajen matasa ciwon kan ɗauki awa 2 zuwa 72, yana kuma iya kama gefe biyu na kai, saboda haka sunan kada ya ruɗi iyaye. Bayan balaga ya fi yawa ga ƴan mata.

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa masu asma ko alerjin hanci sun fi sauran mutane yawan kamuwa da wannan ciwon kai, haka kuma masu ciwon kan sun fi yawan samun asma. Wannan ba ya nufin ɗaya ce ke haifar da ɗayar. Abin da masana ke hasashe shi ne akwai saiwa guda: ƙwayoyin da ke sakin histamin a hanci da huhu suna nan kuma a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, kusa da jijiyar da ke ɗaukar zafin kai da fuska, ga kuma gado da ke taka rawa a duka ukun. Sannan akwai hanya mafi sauƙin ganewa, domin yaron da tari ko toshewar hanci ya hana shi barci yakan wayi gari da ciwon kai, rashin barci kuwa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi.

A Damagaram, daga Nuwamba zuwa Maris, ƙurar hunturu tana tsananta asma, a cikin gida kuma ga hayaƙin itace da turaren wuta, wanda ƙamshinsa kaɗai kan tayar wa wasu da ciwon kai.

Inda na fi damuwa shi ne batun magani. Firofiranolol, da ake bayarwa don rage yawan tashin ciwon ɓarin kai, yana iya matse hanyoyin numfashin mai asma, asfirin da ibufurofen ma suna tayar da asma ga wasu, ba a kuma ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin sai da umarnin likita. Matashin da ya sayi ƙwaya a hannun mai talla a kasuwar Dole babu wanda zai tambaye shi ko yana amfani da maganin asma na shaƙawa. Saboda haka ya wajaba iyaye su faɗa wa likita duka matsalolin a zama ɗaya, ko da ciwon kai kaɗai ya kai su asibiti. Idan kuma ciwon kan ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin rani, a garzaya asibiti nan take, domin yana iya zama sanƙarau, cutar da ta sha addabar jihar Zinder.