Ƙaramin samfurin motar soja GMC CCKW: haɗawa, fenti da tsofarwa

Ƙaramin samfurin motar soja kwaikwayo ne na motar gaske da ake ƙanƙantawa bisa ma'auni guda, ta yadda kowane sashe nata, tun daga taya har madubi, zai ragu daidai da ɗan'uwansa. Akasari da wata roba mai tauri ake yin sa, folistarin. Kamfani ne ke zubo sassan gunduwa-gunduwa cikin kwali, mai saye ya haɗa da hannunsa, ya yi fenti, sannan ya tsofar da motar har ta yi kama da wadda ta sha hanya. Duk wanda ya taɓa fere kara ya yi mota yana yaro ya san daɗin abin. Bambancin kawai shi ne a nan ana bin awo da hotunan tarihi sau da ƙafa. Cikin motocin Yaƙin Duniya na Biyu da ake yi wa samfuri, kaɗan ne suka kai GMC CCKW ta sojojin Amurka, ƙirar kamfanin General Motors, farin jini.

Motar kanta

An ƙera CCKW daga 1941 zuwa 1945, fiye da guda 560,000, yawanci a garin Pontiac na jihar Michigan, wasu kuma a St. Louis. An tsara ta don ɗaukar tan biyu da rabi a cikin jeji, amma a kan kwalta ana ɗora mata ninkin haka. Injinta na fetur ne mai silinda shida, kuma dukkan aksul ɗinta uku suna ja. Tayoyinta goma ne, biyu a gaba, takwas a baya, ban da safaya. Haruffan sunan ma bayani ne: C na farko shekarar tsarawa, 1941, C na biyu kai, wato ɗakin direba, irin na yau da kullum, mai inji a gaban direba, K ja da dukkan ƙafafu, W kuma aksul biyu a baya. Sojoji suna ce mata Jimmy.

Iri biyu aka fi sani, gajera mai lamba 352 da doguwa mai lamba 353. Gajerar tana ɗauke da safaya biyu a bayan kai. Motocin farko suna da kan ƙarfe rufaffe, daga baya aka koma buɗaɗɗen kai mai rufin tamfol, aka kuma riƙa yin bodin da katako don a tsimi ƙarfe. Wasu suna da na'urar jan kaya da igiyar ƙarfe a gaban bamba, wasu kuma an kafa musu zobe a saman kujerar gefen direba don ɗora babbar bindiga mai sarrafa kanta. Mai haɗa samfuri ba ya wasa da waɗannan bambance-bambance, domin su ne ke faɗin shekarar motar, shekarar kuma ita ce ke faɗin alamun da za a manna mata.

Inda motar ta fi yin suna shi ne jigilar da aka sa wa suna Red Ball Express a Faransa, daga 25 ga Agusta zuwa 16 ga Nuwamba 1944. Sojojin ƙawance sun ɓalle daga Normandy suna bin Jamusawa da gudu, ga layin dogo an ragargaza shi da bama-bamai, sai motoci kusan 6,000 suka shiga kai fetur da harsashi da abinci dare da rana a kan hanyoyin da aka keɓe musu. Sun kai kaya fiye da tan 400,000. Kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fata ne Amurkawa, a lokacin da rundunar ke ware su daga fararen fata. Samfurin da aka yi da sunan wannan jigila, in an zaunar da direba a ciki, ya kamata fatar direban ta faɗi wannan gaskiya.

Ma'auni da kayan aiki

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1/35, wato santimita ɗaya a samfuri tana daidai da 35 a motar gaske. Kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan ne ya kafa shi a farkon shekarun 1960, da wata tankar yaƙi Panther mai batir. A wannan ma'auni doguwar CCKW, mai tsawon kusan mita 7, takan dawo kamar santimita 20, soja kuma santimita 5. Tamiya ta fitar da tata CCKW mai buɗaɗɗen kai a 1997. Italeri na Italiya da HobbyBoss na Sin su ma suna da nasu. Akwai ƙananan ma'aunai kamar 1/48 da 1/72 ga wanda ba shi da wurin ajiya.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, wuƙa mai kaifin reza, hantsaki, samfefa mai laushi, foti, tsinken sakace, da gam iri uku. Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Sufa gulu na sassan tagulla ne da na resin, wata roba ce ta daban mai tauri, da ake saya daban don ƙara kyau. Farin gam na katako kuma shi ake sa wa gilashi, domin tururin sufa gulu yakan bar farin hazo a jikinsa wanda ba ya goguwa.

Haɗawa

Motar ɗaukar kaya ta fi tankar yaƙi wuyar haɗawa, domin komai nata a fili yake. Daga shasi ake farawa. Dogayen ƙarafan gefe biyu da na tsakiya dole su zauna a miƙe, don haka ake ɗora su a kan gilashi ko tayil, a danne da wani abu mai nauyi har gam ya bushe. In shasi ya murɗe ko da rabin milimita ne, a ƙarshe za a tarar taya ɗaya tana lilo a sama, kuma babu fentin da zai rufe wannan. Shi ya sa ƙwararru ke saƙala tayoyin ba gam tun sifirin da aksul ba su gama kamawa ba, su tsayar da motar su duba ko goman duk sun taɓa ƙasa.

Kowane sashe yana fitowa da siririn layi inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Ana kankare shi da bayan wuƙa, musamman a kan sifirin, farfela, salansa da tsakiyar taya. Akwai kuma ƴan zagayayyun tabo da injin zubi ke bari a cikin bodi, waɗanda ake cikewa da foti a goge. Wanda ke goge resin ya jiƙa samfefarsa da ruwa, ƙurar ba ta da kyau ga huhu.

Ba a haɗe motar gaba ɗaya kafin fenti. Ana barin ta kashi-kashi: shasi, kai, bodi, tayoyi, gilashi. Cikin kai, da sitiyari da kujeru da agogunan gaban direba, ana gama fentinsa kafin a rufe. Tamfol ɗin roba da ke zuwa cikin kwali yakan yi kauri da santsi, don haka wasu ke yin nasu da takardar tishu da aka jiƙa da farin gam da ruwa, a shimfiɗa ta kan bakunan bodi ta lotsa da kanta.

Fenti da alamu

Launin motocin sojan Amurka na lokacin shi ne kore mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, marar ƙyalli, wanda asalinsa haɗin baƙi ne da rawayar ƙasa. Da shi aka fesa kusan komai, har shasi da wili. Bayan an wanke roba da sabulu an sa fentin shimfiɗa, sai a fesa launin da ƙaramar bindigar feshi, siriri-siriri, sau biyu ko uku. Buroshi ma yana yi in an tsinka fentin sosai aka yi haƙuri. Abu ƙarami yakan fi duhu a ido, saboda haka ana ɗan haska launin da rawaya, a ƙara haske a saman bonet da madigadi inda rana ke duka. Taya kuwa ba a yi mata baƙi ƙirin, toka mai duhu ta fi kama da roba.

Alamun suna zuwa a takarda da ake jiƙawa su zame. Akwai farin tauraro a bonet da ƙofofi, wanda daga 1943 aka riƙa kewaye na saman da zobe don matuƙan jiragen sama su gane nasu. Lambar rajista tana gefen bonet, da shuɗi mai dusashe a yawancin shekarun yaƙin, daga baya da fari. Lambobin runduna suna kan bamba, sai wani rawayan faifai a gaba da ke nuna nauyin motar saboda hawa gada. Kafin a manna su ana fesa ruwan kariya mai ƙyalli marar launi, domin a kan fuska mai kaushi iska takan maƙale a ƙarƙashin alamar ta riƙa walƙiya kamar azurfa.

Tsofarwa

A nan ake gane gwani. Tsofarwa ita ce sa wa samfuri alamun aiki da yanayi, kuma salonta ya sha sauyi. A shekarun 1970 da 1980 hanyar François Verlinden ɗan Beljiyam ce ta yi tashe, wato duhunta lunguna da haska gefuna da busasshen buroshi. Daga baya Miguel Jiménez ɗan Sifen da wasu suka yaɗa aiki da garin launi da fentin mai, wanda ya fi kusa da abin da ido ke gani a jikin mota.

Ƙa'idar farko ta sinadari ce: in jikin motar fentin ruwa ne, to da fentin mai ake tsofarwa, domin tina marar ƙarfi ba ta cin fentin ruwan da ya bushe. Tina mai ƙarfi irin ta masu fentin mota kuwa narkar da robar take yi. Ana tsinka ruwan ƙasa mai duhu ya zama kamar shayi, a taɓa bakin buroshi a gindin noti ko a tsagin ƙofa, sai a ga ya bi layin da kansa ya zagaye. Bayan ƴan mintoci a share abin da ya yi yawa. Daga nan a ɗiga ƙananan ɗigo na fari da rawaya da ruwan ƙasa a gefen bodi, a ja su ƙasa da buroshi mai ɗan danshi har su kusa ɓacewa, su bar zirin da ruwan sama ke bari.

Ɓarewar fenti ana yin ta da guntun soso da aka tsoma a fenti aka kusa busar da shi a takarda. Wurinta inda hannu da takalmi da kaya ke gugawa ne: matakala, bakin ƙofar baya, gefen bamba, ƙasan bodi inda ake jan akwatunan harsashi. Lissafi yana taimakawa, domin tabon milimita ɗaya a samfuri ya kai santimita uku da rabi a motar gaske. Bakin fensir da aka goga a kan matakala yana ba da ƙyallin ƙarfen da ƙafa ta cinye.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsatsa. Sau da yawa akan ga samfurin da aka lulluɓe da ja kamar motar da ta shekara talatin a bayan gareji, alhali motar Red Ball Express galibi ba ta fi shekara ɗaya ko biyu da fitowa daga masana'anta ba, wata ma watanni. Wahala ta sha, ba tsufa ta yi ba. Tsatsar gaske tana kan salansa, inda zafi ya ƙone fenti, da ɗan abin da ba a rasa ba a sarƙa da ganyen sifirin. Bodin katako kuwa ba ya tsatsa ko kaɗan, fentinsa ne ke goguwa launin itace ya fito.

Abin da ya kamata ya yi yawa shi ne ƙasa. Motar ƙarshen Agusta a Faransa ƙura ce ke rufe ta, fara-fara, ta kwanta a saman madigadi da cikin zanen taya da ninkin tamfol. Ta Oktoba da Nuwamba taɓo ne, mai duhu a ƙasa inda yake da danshi, mai haske a sama inda ya bushe. Ana yin ƙurar da garin launi a kafe shi da ɗigon tina. Taɓo kuma ana kwaɓa garin da ɗan filasta, a ɗebo a buroshi a fallatsa da tsinke daga inda taya za ta watso shi, wato baya da sama. A gilashin gaba akan manna ɗan tef da aka yanka kamar rabin wata kafin a fesa ƙura, in an ɓare sai sawun waifa ya fito. Fetur da ya zuba a bakin tanki yakan bar duhu mai ɗan maiƙo a cikin ƙurar, haka ma a jikin jarkoki. Kalmar jarka kanta daga sunan da sojojin Ingila suka ba wa wannan mazubi na Jamusawa mai lita 20 ta samo asali.

Hotunan lokacin yaƙi su ne madogara, ko da yake yawancinsu baƙi da fari ne. Abin da suka kasa nunawa ana iya ganinsa a jikin kowace tsohuwar babbar mota a tasha: inda mai ke tsiyaya a cibiyar wili, inda ƙura ke taruwa, inda hannun direba ya goge ƙofa har ta yi sheƙi. Launin ƙasar ne kawai ake sauyawa, domin ta arewacin Faransa ba ja ba ce.

Kaya da ajiya

Da yawa sukan cika bodin da jarkoki, durom da akwatuna, su ɗaure da zaren da aka rina ya zama igiya, kuma kayan su ma sai an ƙurar da su daidai da motar. Wasu kan kafa ta a kan ɗan allo da aka yi wa hanya da ciyawa, su ɗan nutsar da tayoyin a taɓon don nauyi ya fito. IPMS, ƙungiyar masu haɗa samfuran roba ta duniya, wadda aka kafa a Ingila a 1963, tana shirya nune-nune da gasa a ƙasashe da dama, inda alƙalai ke fara duba miƙewar shasi da zaman tayoyi da layukan da ba a kankare ba kafin su dubi fenti. Samfurin da aka gama ana ajiye shi cikin akwatin gilashi, nesa da rana, domin zafi yana lanƙwasa robar, garin launi kuma yakan bi yatsa in an taɓa.