Jahangir Agha: Jarumin Kurdawa ne ko na Yazidawa?

Da wuya a ambaci Jahangir Agha a Armeniya ba tare da tsohon musun nan ya taso ba: shin Yazidawa Kurdawa ne masu addininsu daban, ko al'umma ce mai zaman kanta? Masu bin labarin daga nesa kan ɗauka kisan kiyashin da aka yi wa Yazidawa a Sinjar ta Iraƙi a 2014 ne ya haifar da gardamar. Ta girme shi da shekaru masu yawa.

Jarumtar mutumin dai ba a ja a kanta. Shugaban ƙabila ne daga yankin Van, a gabashin Turkiyya ta yau, kuma a watan Mayun 1918 ya jagoranci mahaya dawakin Yazidawa a ɓangaren Armeniyawa a yaƙin Bash Abaran, wanda tare da na Sardarabad ya tare sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ranar 28 ga watan aka ayyana Jamhuriyar Armeniya.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne takardar ƙidaya. A ƙidayar Tarayyar Sobiyet ta 1926, lokacin Armeniya na cikin tarayyar, Yazidawa na da gurbinsu. Daga shekarun 1930 gurbin ya ɓace, aka haɗe su da Kurdawa, domin a tunanin wancan zamani harshe ne ke yin al'umma, addini kuwa ba a sa shi a lissafi. To, mutanen da gadonsu duka ke rataye da addini, da shehunai da pirai (jagororin addininsu) da tsarin aure, me ya rage musu? Amma fa ba asara kaɗai aka yi ba. Da sunan Kurdawa aka samu jaridar Riya Teze a Yerevan, babban birnin Armeniya, a 1930, daga baya aka samu shirye-shiryen rediyo da Kurmanci, wani reshen harshen Kurdawa, kuma 'ya'yan Yazidawa da dama ne suka riƙe su. Sai aka tashi da gida biyu: masu ilimin boko da suka yi suna a matsayin Kurdawa, da mutanen ƙauye da ba su daina kiran kansu Ezdi, wato Yazidawa, ba. A cikin wannan zamani aka kama Jahangir Agha a 1938, ya rasu a tsare a Saratov ta Rasha a 1943.

Sai a ƙidayar 1989 gurbin ya dawo, kuma mafi yawa suka rubuta kansu Yazidawa. Yau su ne tsiraru mafi yawa a Armeniya, suna da kujera a majalisa, da katafaren wurin ibada a Aknalich da aka buɗe a 2019. Kowane ɓangare na rataya hoton Jahangir Agha, rubutun da ke ƙarƙashinsa ne ya bambanta.